Taswirar Habasha a Tabarmar Kaka

Ranar wata Laraba ce cikin watan Rajab, shekarar da na shiga aji biyar, na dawo gidanmu na unguwar Jurf a Madina da taswirar Habasha a naɗe cikin jakata. Malamarmu ta raba wa kowace yarinya ƙasa ɗaya ta haddace. Na tarar da Kaka, mahaifiyar Baba, a inuwar katanga tana ƙulla soyayyiyar gyaɗar da take kai wa masu ziyara a Uhudu. Na shimfiɗa takardar a tabarmarta, na danne gefunan da ƙwallon dabinon da muke carafke da shi, na fara rero sunaye kamar waƙa: tafkin Tana, Harar mai ganuwa, Asmara da ke zaune bisa duwatsu cikin hazo. Da na ce Masawwa ta bakin teku, hannun Kaka ya tsaya.

"Ƙawata, ɗora min yatsa a kai," in ji ta.

Ranar na san ina da gwaggo. Lokacin da su Kaka ke tahowa da ƙafa daga ƙasar Hausa, 'yarta Asabe ta kwanta zazzaɓi a Masawwa, jirgin ruwa kuma ba ya jira. Kaka ta damƙa ta ga wata Bahausa mai sayar da waina, da niyyar dawowa bayan Hajji. Ba ta koma ba.

Kaka mace ce da ba ta taɓa yarda ta kwana wajen Madina ba, ko biki ake a Jidda, don gudun kada ajali ya same ta nesa da maƙabartar Baƙi'a. Amma daga wannan rana kullum sai ta tare Baba: "Ɗan taku ɗaya ne a takardar yarinyar nan, ka kai ni." Ga shi Kaka ba ta da takardar izinin zama a ƙasar. Na ji Umma tana cewa in Kaka ta fita, babu mai barinta ta sake shigowa. In ina shara, sai in tsaya ina kallon takalman Kaka a bakin ƙofa, ina ƙirga su cikin abin da zai ɓace.

Na gwada tsorata ta da darasina. Na ba ta labarin kurayen Harar, da zafin gaɓar teku, da yaƙin da malama ta ce ana yi a can. Kowanne na faɗa sai ta dafe ƙirji ta ce, "A cikin wannan na bar Asabe?"

Da na ga Baba ya fara tambayar jirgi, na same shi yana alwala. Na ce malama ta ce an ƙone Masawwa ƙurmus, babu wanda ya tsira. Malama ba ta faɗi haka ba. Baba ya ajiye buta, ya shiga wurin Kaka. Ban ji kuka ba. Washegari ta ci gaba da ƙulla gyaɗarta, ba ta ƙara ambaton tafiya ba har ta rasu a Madina bayan shekara uku.

Yanzu nakan ga hotunan Masawwa da ake yi wa baƙi talla: fararen gidaje masu baranda, tsibirai cikin shuɗin ruwa, tsofaffin mata zaune a ƙofar gida. Nakan daɗe ina duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ban san kamannin wadda nake nema ba.