Ranar Da Baudilio Ya Ƙi Tsugunawa

Baudilio Zorrilla ya rasu ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, a San Pedro, bayan doguwar jinyar ƙoda. Shekararsa hamsin da uku. Matarsa Casimira ce ta kira ni da hantsi, ina tsakiyar shan kofi. Ba ta ja magana ba, ta ce in je in sanar da mutanensa, don ita ba ta da bakin maimaitawa. Na san waɗanda take nufi, kuma ba taurarin da hotonsu ke fita a jarida ba ne. Na ajiye kofin, na nufi gidan Tiburcio mai gyaran fili, daga can na wuce wurin Doña Eduviges mai dafa wa ƙungiya abinci. Tana ganin fuskata ta zauna a dokin ƙofa, ba ta tambaye ni komai ba.

Baudi, yau da kai zan yi magana, don a rayuwarka ba ka taɓa bari na gama zance ba. Ni ne Eulogio, wanda kake kira Tsohon Hannu. Aikina a ƙungiyarmu ta besbol, wasan dukan ƙwallo da sanda, shi ne jifan atisaye: kullum da la'asar in tsaya ina jefa wa masu duka ƙwallo har hannunsu ya faɗa, sannan in koma gefe a manta da ni. Kai kuwa mai cafe ne, wanda ke tsugune bayan mai duka, sanye da kwalkwali da makarin ƙirji, yana karɓar duk abin da mai jifa ya aiko. Kowane yaro a garin nan ya san ba a fara wasa sai mai cafe ya tsuguna. Alƙali zai iya daka tsawa, 'yan kallo su yi ta ihu, amma in babu kowa a bayan nan, babu inda ƙwallo za ta je.

Ka fi kowa tsokana. Ka ce jifana ya yi sanyin da mutum zai iya karanta tambarin ƙwallon kafin ta iso. Kuma kai ne wanda kan tsaya bayan atisaye ya ɗaura mini ƙanƙara a kafaɗa, yana zagina wai na tsufa. Ba ka cin shinkafa da waken Doña Eduviges sai ka leƙa tukunya ka ga ta rage wa kanta. Kana caca da domino kamar wanda aka yi wa baki, kullum a cinye ka, kullum ka rantse an yi maka maguɗi. Ba zan ce ba ka da fushi ba, kana da shi, kuma Casimira ta fi ni sanin zafinsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shekarar da muka ci gasar hunturu, kusan shekara ashirin ke nan. An gayyace mu wata gasa a ƙetare, aka shirya wasan bankwana a filinmu kafin tafiya. A lokacin kana da shekara talatin da huɗu, gwiwoyinka sun fara kuka. Ka shafe ƙuruciyarka a ƙananan ƙungiyoyin Amurka kana kwana a bas, ƙofar manyan ƙungiyoyi ba ta taɓa buɗe maka ba. Sai ga labari cewa wata ƙungiyar Japan ta turo wakilinta takanas don ya ga wasanka a ranar. Duk mun san wannan ce damarka ta ƙarshe. Casimira har ta fara tambayar yadda sanyin can yake, kai kuma ka yi wa mahaifiyarka alkawarin gidan bulo.

Da safiyar ranar ka shiga kicin neman kofi, ka tarar da Doña Eduviges tana yanka albasa tana hawayen da ya fi ƙarfin albasa. Ita ta gaya maka abin da mu muka sani muka haɗiye: 'yan wasa kaɗai za a ba kuɗin tafiya da rabon kyauta. Masu horarwa, da mai tausa, da mai wankin kaya, da ita, da ni, za mu bi ku mu yi aiki, ladanmu abinci da wurin kwana. Masu ƙungiya sun ce ai mu 'yan gida ne, ba a lissafi da ɗan gida. Haka suke faɗa kowace shekara, mu kuma mu ce mun gode.

Ka tara 'yan wasa ka rufe ƙofa. Ban san abin da ka faɗa musu ba, har yau babu wanda ya gaya mini. Na dai ga lokacin wasa ya yi, fili ya cika maƙil, masu kiɗa suna ta bugu, kayanka kuma suna rataye inda mai wanki ya rataye su. Na same ka zaune da silifa da gajeren wando, na roƙe ka. Na ce mun saba, yunwar bana ba ta fi ta bara ba, mutumin Japan kuwa ba zai dawo ba.

Ka ce, "Tsohon Hannu, kafaɗar nan taka wa ya cinye ta?"

Na ce, "Aiki ne, Baudi. Don Allah sa kayanka, kada ka yi don ni."

Ka ce, "Wa ya ce don kai ne? Kai ko jifa ba ka iya ba."

Daga nan ka fita cikin fili a haka, ka karɓi tiyon ruwa daga hannun Tiburcio, ka shiga yayyafa wa ƙasa ruwa a gaban dubban mutane. Wenceslao, mai cafe na biyu, wanda da ya sa kwalkwali a ranar da ya gaje ka nan take, ya fito ya ɗauki manjagara. Sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, wani da bokitin farar ƙasa, wani da kwandon ƙwallaye. 'Yan kallo suka ɗauka wasa ne, suka yi ta dariya. Da abin ya daɗe sai dariya ta koma zagi, aka fara jifan ku da ɓawon lemo. Ina tsaye a bakin rumfa, kunya da tsoro sun hana ni ɗaga kai.

Manajan ƙungiya ya sauko da kwat ɗinsa yana gumi. Na ji abin da ya faɗa maka, don ina kusa. Ya ce baƙon Japan yana sama yana duba agogo, kuma ka yi tunanin iyalinka. Ka ce ka gan shi tun ɗazu. Sannan ka ce, "Don Aurelio, kun ce 'yan gida ne. A gidan uwata ba a cin abinci mai dafawa tana tsaye tana kallo."

An fi awa guda ana kai da komo kafin masu ƙungiya su sauko. Aka amince kowa zai sami rabonsa, daga babban mai horarwa har mai wanki. Ka shiga ka sa kayanka, ka fito ka tsuguna, aka fara wasa. Ka yi wasan da ban taɓa ganin ka yi irinsa ba, amma kujerar baƙon babu kowa a kai. Daga baya muka ji ya ce ya sami labarin hannunka yana da kyau, sai dai ba sa neman mai taurin kai. Da kakar wasa ta zagayo, ƙungiyarmu ma ba ta sabunta maka kwantiragi ba, wai gwiwa.

Ka koma tuƙin motar haya tsakanin San Pedro da babban birni, da yamma kana koya wa yara wasa a filin bayan masana'antar sukari. Mahaifiyarka ta rasu a gidan katako. Mu kuwa tun daga ranar ba a sake tsallake mu a rabo ba. Da shi aka yi mini aikin kafaɗa, da shi Tiburcio ya kai 'yarsa makarantar jinya. Masu aikin yanzu suna karɓa, sun ɗauka haka abin yake tun fil azal, yawancinsu ko sunanka ba su sani ba. Wannan yana ƙona mini rai, kuma ba zan ɓoye ba.

Bara na ziyarce ka bayan an yi maka wankin ƙoda, na tambaye ka abin da na daɗe ina tsoron tambaya, ko ka taɓa yin nadama. Na so ka ce a'a. Ka ce kana yi mana, duk ranar da ruwan sama ya zubo ta rufin ɗakinka kana yi. Sannan ka ce amma da a ce ka tsuguna a ranar, da ba ka san da wane ido za ka sake karɓar kwano daga hannun Doña ba. Sai ka ce in raba domino, in daina yi maka fuskar makoki tun kana da rai.

Ranar jana'izarka ƙungiya ta aiko da furanni masu tsayin mutum. An keɓe kujerun gaba na coci don manya da tsofaffin taurari, mu kuma muka tsaya a bakin ƙofa, inda ƙafarmu ta saba tsayawa. Da aka gama addu'a aka kira 'yan wasa su ɗauki akwati. Suka taso da tumbinsu da furfurarsu, suka kewaye ka, amma babu wanda ya miƙa hannu. Fada ya dube su, ya dubi Casimira. Wenceslao ya juyo ya dube mu ya ce, "Ba a farawa sai kun zo."

Mu muka ɗauke ka, Baudi: ni, da Tiburcio, da mai tausa, da mai wanki, da masu horarwa biyu da suka rage. Doña Eduviges tana gaba da sandarta. Na sa ka a kafaɗar da ka saya mini, ta riƙe ka har maƙabarta. Da aka rufe kabari, Tiburcio ya ciro manjagarar da ya zo da ita daga gida, ya daidaita ƙasar a hankali, yadda yake gyara maka wurin tsugunonka kafin kowane wasa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya ba ka hutun da gwiwoyinka ba su samu a duniya ba. Ya saka maka da gidan da ba ya yoyo. Ga Casimira, da 'ya'yanka Nicanor da Yanelis, da sauran dangi, ina miƙa ta'aziyyata da ta duk waɗanda suka tsaya a bakin ƙofa. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya zama gatanku. Abin da kuka rasa a ranar da ya ƙi tsugunawa mu muka ci, mun sani, kuma ba mu da abin biya. Ƙofofinmu dai a buɗe suke gare ku muddin muna numfashi.