Yadda Ɗantani Ya Raba Burtali

Ɗantani maƙwabcina ne a Badafi, danga ɗaya ta raba gidajenmu. Gajere ne, mai sanyin magana, in ya fara zance sai ka cinye goronka bai kai ƙarshe ba. Da ƙuruciya ya yi ta zuwa cin rani Kano yana sayar da ruwa, har Allah ya sa ya dawo da keke. Da shi yake kai albasa da barkono kasuwar Dangora, ya komo da gishiri da kananzir. Da babban ɗansa Sani ya yi aure, sai ya nema masa nasa keken, suka riƙa tafiya tare.

A shekarun nan na hamsin gyaɗa ta yi daraja, manyan motoci suka yawaita da kaka a hanyar da muke bi zuwa Dangora. Hanya ce ta jar ƙasa, matsattsiya, ga gargada, ga rami dama da hagu. In mota ta taso da kaya, mai keke ba shi da maraɓa sai rami. Wata ranar kasuwa Sani ya kauce wa mota ya faɗa ciki, buhun albasa ya danne masa ƙafa, ta karye a ƙasan gwiwa.

Na shiga dubiya bayan mai ɗori ya tafi, na tarar Salamatu, uwar Sani, tana yi wa Ɗantani magana daga ƙofar ɗaki.

Ta ce, "Malam, ka rabu da keken yaron nan. Yau ƙafa ce, gobe ban san me za a kawo mini ba."

Sani yana kwance a tabarma ya ce, "Inna, in an sayar, da me zan riƙe gidana? Ƙafa na warkewa zan hau."

Da Ɗantani ya rako ni waje ya ce, "Zai hau ɗin. Jinina ne, na san shi. Ba na so motocin baɗi su same shi a hanyar nan."

Akwai tsohon burtali, wato hanyar shanu, da ya ratsa tsakanin gonaki daga bayan gari har kusa da Dangora, nesa da hanyar mota. Amma masu gonakin gefe sun yi ta cin sa, bana a ƙara kunyar noma ɗaya, baɗi a ƙara wata, har da ƙyar saniya ke ratsawa. Wannan burtalin ne Ɗantani ya sa a ransa.

Ya tara sauran masu keke suka je gaban dagaci. Dagaci ya saurare su, ya ce in masu gona sun yarda, shi ma ya yarda. Ɗantani ya shafe ranin nan yana bin gida gida. Ba ya gardama. Zai zauna ya gaishe ka, ya tambayi iyali da dabbobi, ya faɗi abin da ya kawo shi, in ka ƙi ya yi godiya, jibi ya dawo. Wasu don tausayin Sani suka yarda, wasu don su huta da sallamarsa. Ardo Zailani kuwa, shugaban Fulanin da ke zaune a gabashinmu, tun zuwan farko ya amince, domin ya gaji da shari'ar ɓarna duk damina.

Da bazara aka yi gayya. Makaɗa suka zo, mata suka kawo kunu da fura, aka sare ƙaya, aka baje kunyoyin da suka shigo, burtali ya koma faɗinsa na da. Ɗantani ya hau keke ya je ƙarshe ya dawo, yara na bin sa da gudu.

Sai ruwa ya sauka. Shanu suka yi ta kai da kawowa a kan danyar ƙasa, rana ta fito ta busar. Na raka Ɗantani dubawa, muka tarar hanya ta zama ramukan kofato, ƙanana ƙanana, sun yi tauri kamar dutse. Ya hau, bai yi nisa ba ya sauko yana riƙe da haɓa. Dukanmu manoma ne, mun san abin da kofato ke yi wa laka, amma da yake a busasshiyar ƙasa muka yi aikin, ba wanda ya tuna. A lokacin Sani ya ajiye sanda, har ya fara shafa wa sarƙar kekensa mai.

Ɗantani ya tafi rugar Ardo, ni ma na bi shi. Ardo ya ce shanu ba su san hanyar keke ba sai an nuna musu. A ja shinge da bini-da-zugu, in ji shi, domin saniya ba ta cin sa, kuma in an kafa reshensa da damina kamawa yake. Sai dai faɗin da ake da shi na shanu ne. Dole masu gonakin gefe ɗaya su ƙara ba da kunya, ga shi dawa ta riga ta tsiro a kai.

Wanda gonarsa ta fi tsawo a gefen nan shi ne Sabo, taubashin Ɗantani, ɗan ƙanwar ubansa. Muka same shi yana noman farko.

Ya ɗago ya ce, "Ga bawana nan, sarkin roƙo. Yau kuma me ya rage, rigata?"

Ɗantani ya ce, "Rigarka ko jaki ba zai karɓa ba. Kunya ɗaya nake so."

"Wadda na ba ka da rani fa, ka cinye?"

"Shanu suka cinye."

Sabo ya jingina da fartanya, dariya ta bar fuskarsa. Ya ce, "Ɗantani, Sani ɗana ne. Amma dubi dawar nan. Ka taɓa ganin wanda ya tuge abin da ya shuka da hannunsa?"

Ɗantani ya yi godiya, muka juyo. Sauran manoma suka ce su Sabo suke kallo, in ya ba da su ba da. A kwanakin nan ina jin Ɗantani ta bayan danga, Salamatu na yi masa faɗan ba ya cin tuwo.

Ardo ne ya zo da kansa, ya sami Sabo a gona. Ya ce duk wanda ya ba da kunya, da rani garkensa zai sauka a gonarsa ya zuba taki, ba sai an ba shi damin dawa kamar yadda aka saba ba, kuma da gonar Sabo za a fara. Gonar Sabo jigawa ce, ta daɗe tana neman taki. Sabo ya ce shi ba zai tuge ba, in Ɗantani na so ya zo ya tuge da kansa. Ɗantani ya zo da sassafe bayan an yi ruwa, ya ciro tsiron da saiwarsa, ya dasa masa su a gurbin da shuka ba ta fito ba.

Haka aka yi gayya ta biyu, ba kiɗa wannan karon. Aka kafa rassan bini-da-zugu a jere aka ɗaure da kara, masu jakuna suka yi ta jido tsakuwa ana dabewa. Siririyar hanya ce, keke biyu sai ɗaya ya tsaya wa ɗaya. Kafin a cire gyaɗa shingen ya yi ganye.

Ranar kasuwar farko da motoci suka dawo, Sani ya ɗaure buhu a bayan keke ya bi ta burtali. Ɗantani bai je kasuwa ba, ya ce bayansa ke ciwo. Muka zauna a ƙofar gida, muna jiyo rugugin motoci can nesa. Da la'asar Sani ya shigo yana tura keke, yana ƙorafi wai wani mai jaki ya tare masa hanya tun daga rafi, ya ƙi matsawa.

Salamatu ta leƙo ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce, "Allah ya yi wa mai jakin albarka."

Ɗantani ya ce a kawo mana fura, a dama da yawa.