Mato Ya San Inda Kowa Yake Kwance

Na fara ganin Mato cikin Afrilun 1971, shekarar da na gama makarantar mishan a Wad Madani na koma ƙauyenmu, Hillat Sodangi, a bakin kogi kudu da Damazin. Saurayi ne dogo, ƙafafunsa duk faso. Daga yamma suka taso shi da mahaifiyarsa da niyyar Makka, sai ciwo ya tsayar da su a zaurenmu. Kwana uku ta yi ta rasu. Ba su da ko ƙyalle. Mahaifina, Alhaji Sodangi, ya buɗe akwati ya ɗauko likkafanin da ya tsoma a ruwan Zamzam ya ajiye wa kansa, ya miƙa wa mata masu wanka. Mato da kansa ya haƙa kabarin, domin bai yarda wani ya taɓa magirbin ba. Daga nan bai ƙara maganar Makka ba, kuma tun daga ranar shi ke haƙa wa duk wanda ya mutu a garin.

Mu ba ma rubuta suna a kabari. Maƙwabtanmu Larabawa suna kafa allon ƙarfe ko na siminti, da suna da shekara. Mu kuwa tsingaro muke ɗorawa, ko guntun ice, damina biyu ta shafe tudun, mu ce ƙasa ta karɓi nata. Rajistar maƙabartarmu tana cikin kan Mato. Yakan tsaya a gindin aduwar da ke tsakiya, ya ƙirga taku, ya ce nan wane yake, nan jaririn wance. Shekara arba'in da ɗaya bai taɓa buɗe rami ya tarar da wani a ciki ba. Shi ya rufe mahaifina a 1984, shi ya rufe matata Barakatu a 2006. A kan kabarinta na kifa rabin wani tangaran mai shuɗin baki da take zuba mini shayi a ciki.

Da aka ƙara wa madatsar Rusairis tsawo, aka ce ruwa zai ci garinmu. Wata lajna ta zo, wato kwamiti, da alkawarin cewa duk maƙabartar da aka rubuta za a kwashe ta zuwa tudu. Mato ya kai su. Shugabansu ko daga mota bai sauka ba. Ya leƙa ta taga, ya ga ciyawa da aduwa da awaki, ya tambaya ina allunan. Mato ya ce babu allo, amma akwai mutum ɗari biyu da sittin da huɗu, kuma zai faɗe su ɗaya ɗaya. Mutumin ya yi dariya, ya ce da Larabci ba ya rubuta abin da ke cikin kan tsoho. Ya rubuta fili na kiwo. Iyayenmu ne fa, wasu a ƙasar nan aka haifi kakanninsu, amma mutumin da rigarsa ba ta taɓa ƙurar wurin ba ya mayar da su makiyayar awaki.

Laifin da ya biyo baya nawa ne. Liman ya ce shari'a ta yarda a tono mamaci idan ruwa zai ci shi, mutane suka fara neman magirbi. Ni na hana. Na ce ba a yin haka da ka, akwai injiniyoyi baƙi a wurin aikin, zan rubuta musu da Turanci, harshen da ba a jefa shi a kwandon shara. Shafi uku na rubuta. A mishan an koya mana cewa Turanci yana da kalmomi barkatai na wannan abu: daban ta ruwan da ya malale gona, daban ta jirgin da ya nutse, daban ta rundunar da aka fi ƙarfi, daban ta mutumin da baƙin ciki ya danne. Na zauna ina zaɓe kamar mai tsintar tsakuwa a wake. Mato ya saurari fassarar har ƙarshe.

"Ustaz, ruwa ya iya karatu?"

Na ce masa kowa da sana'arsa.

Motoci suka kwashe mu zuwa sabon matsuguni, gidaje jere iri ɗaya, lamba gare shi ba suna ba, tafiyar wuni daga kogi. Muna ta jiran amsa. Ta zo bayan wata huɗu, layi biyar, tana cewa bisa ga rahoton lajna babu maƙabarta a wurin da ruwan ya rufe. Sun ɗauki mafi sanyin kalmomin nan, wadda ake faɗa wa gonar shinkafa. A lokacin, saman aduwar kaɗai masunta ke gani. Na daina zuwa majalisa. Babu wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da na fi samun sauƙi.

Cikin Maris aka yi rasuwar farko a sabon wurin. Bayan an rufe, mutane suna watsewa, idona ya faɗa kan wasu tudu biyu a gefe, ciyawa har ta fara fitowa a kansu, alhali ba mu binne kowa a wurin ba sai ranar. A kan ɗaya an kifa rabin tangaran mai shuɗin baki.

Mato yana kankare ƙasa daga magirbinsa. Da na matsa masa ya ce a makon da ruwa ya kawo bakin maƙabarta ya ari keken jaki ya koma shi kaɗai. Bai gaya wa kowa ba, don kada a ce ya ƙaryata takardar Ustaz. Kwana biyu ya samu kafin ƙasa ta zama taɓo. Ya naɗe ƙasusuwan kowanne a sabon farin yadi, ya kawo su nan ya binne, tudun dama Alhaji, na hagu Barakatu.

Na duba, babu tudu na uku. Kabarin mahaifiyarsa taku huɗu ne daga na mahaifina.

"Inna fa?"

"Kwana biyu na samu, Ustaz, kuma ramin mutum ba a gaggauta shi." Ya saɓa magirbin. "Ita tana can cikin likkafanin Alhaji. Shi ko Alhaji, da yadin kasuwa munka rufe shi."