Layin da Auta Ya Bari

Na daɗe ina shakkar ko aikin Babbar Yaya, kamar yadda kowa ke kiran ta a wurin aikinmu, ya kai a yi rubutu a kansa. Inda na yi karatu a ƙasar waje, masu ƙirƙirar manhaja ake tafa wa. Wanda ke ɗaure ta cikin ƙunshi don wasu su girka a kwamfutocinsu, ba a ko tambayar sunansa. Da wannan ra'ayi na dawo gida na kama aiki a ofishinsu, ɗaki biyu a saman wani shagon gyaran firinta.

Manhajar da muke kula da ita ta sabar ce, wadda ke miƙa shafukan intanet ga masu nema. Aikin Yaya shi ne ta yanke inda kowane fayil zai zauna idan an girka. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta iri uku muke yi wa ƙunshi, kowacce da halinta. Ɗaya tana son saituna a folda guda, shafuka a wata, rahoton kurakurai can wani lungu. Wata kuma so take a tara komai wuri ɗaya.

"Kamar jeren ɗaki ne a gidan mutane, Ɗan Waje," ta ce da ni ranar farko. "Ba inda kake so za ka ajiye ba, inda mai gidan zai laluba ya samu."

Shekara goma sha tara tana wannan aiki. Takwas na farko tare da ƙanenta ta yi su, wanda kowa ke ce wa Auta. Kujerarsa na nan, an ɗora mata kwalin wayoyi.

A kusurwar ɗakin ciki akwai tsohuwar kwamfutar gwaji mai ƙarar fanka. Wata-wata muke fitar da sabon ƙunshi, a kanta ake fara girkawa, kuma Yaya kaɗai ke yi. Ƙa'idar aikin ce, idan mutum ya taɓa fayil ɗin saituna da hannunsa, ƙunshi ba ya share shi sai ya tambaya. Saboda haka kowane karo rubutu ke fitowa: an sauya wannan fayil da hannu, a bar shi ko a maye shi da sabo?

"Ya sake tambaya," takan ce, ba tare da ta kalli kowa ba. Sai ta danna a bar shi.

Wata rana na buɗe fayil ɗin. Can ƙasa akwai layi guda da ban gane ba, a samansa an rubuta: "Yaya, kar ki taɓa wannan, zan gyara in na dawo." Kwanan watan da ke jiki na ranar da Auta ya hau motar da ta yi hatsarin da ya ci ransa ne, shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

Bana mai kamfanin ya ce a daidaita foldodin a duk nau'o'in uku, domin masu girkawa sun gaji da laluben saituna. Shawara ce mai kyau, ni ma na kawo ta. Ban lura ba sai daga baya: a sabon tsari tsohuwar foldar saituna za ta tashi, da fayil ɗin Auta a ciki. Kuma Yaya ce za ta rubuta umarnin kwashe ta.

"Ai sai mu kwafe shi a filasha, Yaya," na ce.

"Mu kwafe, mu sa a durowa. Wa zai karanta shi? Yanzu kullum da safe na'urar nan sai ta karanta shi kafin ta fara aiki. Ashe karatun naka bai kai nan ba?"

Mako uku ta yi a kan aikin, ba ta yi masa ha'inci ba. Ranar gwaji, da misalin ƙarfe goma na safe, ta sauke kwalin wayoyin ta ja kujerar Auta ta zauna. Tambayar ta fito karo na ƙarshe. Fankar tana ta ƙara, a ƙasa ana gwada wata firinta. Yaya ta ɗora yatsa a kan madannin, ta daɗe haka har allon ya dushe ta sake taɓa shi. Sannan ta danna a maye.

Sabar ta tashi, shafuka suka buɗe. Na tsaya ina jiran wani abu ya lalace, ina ma fatan hakan saboda ita. Babu abin da ya motsa.

Da ta miƙe tana mayar da kwalin, na tambaye ta, "Yaya, wai layin nan me yake yi?"

"Ba ya komai. Na bincika tun shekarar farko. Amma muddin yana nan, duk wata sai an tambaye ni ko a bar shi."