Idon Baba Majigi

Shekara talatin da ɗaya Baba Majigi ya yi a ɗan ɗakin saman gidan silima, mai taga kamar ta akurki, yana harba haske ta saman kawunan mutane. A can ya samo sunan, har na yankan ya ɓace. Da aka rufe silimar aka mayar da ita wurin ajiye katifu, sai ya kama rumfar gyaran talabijin. Kayan awonsa biyu ne, farar takarda da bayan hannunsa. Ya kara takarda a gefen gilashi ya duba fari, ya kara hannu ya duba fatar mutum. Yakan ce, "In fari ya zauna, fata ta zauna, sauran launuka 'yan rakiya ne." Bai gina gida ba, bai sayi mota ba, amma duk unguwa an san idonsa, kuma da wannan idon kaɗai yake ɗaga kai cikin mutane.

Bayan rasuwar matarsa gwiwa ta ci amanarsa, sai autarsa ta ɗauko shi, aka ba shi ɗaki a jikin gareji. Mijin Auta dillalin tayil ne, amma Injiniya ake kiransa, don shi ya nemi a riƙa kiransa haka. Mutum ne da in an yabi ruwan sama zai so a ce da hannunsa a ciki.

Injiniya ya ware ɗaki guda a gidan ya mayar da shi silima: labule baƙi mai kauri, kujeru takwas, farin allo a bango, majigi a maƙale a baya. Hoton ya fito shuɗi-shuɗi kamar ana kallo ta cikin ruwa. Baba Majigi ya yi kwana uku a ɗakin da takardarsa, yana ƙara ja, yana rage shuɗi, yana rubuta lambobi a ɗan littafinsa. Da wani tsohon bidiyo yake gwaji, wanda aka ɗauka a tsakar gidansu na haya, marigayiya tana dariya tana kare fuska da farin mayafi. Shi ya saya mata mayafin, ya san farinsa.

Abokan Injiniya suka zo kallo, suka yi ta santi. Ɗaya ya ce, "Kai dai kuɗi ka zuba, aikin na tsoho ne." Kowa ya yi dariya har da Injiniya, sai dai tasa ba ta wuce haƙora ba.

Bayan sati biyu ya shigo da wata aba kamar sabulun wanka, mai ido guda da doguwar waya. Na'urar auna launi ce, ta hannu, kwalinta duk ya ci ruwa. Ya tara abokan nan da la'asar, ya ja labule, ya kafa ta a kan ƙafa uku tana fuskantar allo, ya jona ta da kwamfuta. Allo ya riƙa canzawa: ja, kore, shuɗi, sannan toka-toka tun daga mai duhu har zuwa fari. Lambobi suka cika kwamfutar, yawancinsu da jan rubutu.

"Baba, kun ga jan nan? Duk kurenku ne," in ji Injiniya, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo.

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima," in ji Baba Majigi. "Ita wannan ɗin, shekararta nawa?"

"Ba ta kai ku ba dai."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Injiniya ya bi umarnin na'ura ya sauya komai, sannan ya sa bidiyon marigayiya. Mayafin ya koma ruwan hoda, fuskarta ta yi jajir kamar mai zazzaɓi.

Baba Majigi ya miƙe da sandarsa ya kara takarda a jikin allo. "Farin nan bai yi fari ba."

"Yanar tsufa ce a idonku, Baba. Na'ura ba ta ƙarya, ba ta da son kai." Abokan suka gyaɗa kai. Su ma sun ga jan, amma a kujerar mai gida suke zaune, lemonsa ne a hannunsu.

Injiniya bai bar zancen a ɗaki ba. Ya kai shi shago, ya kai shi majalisa, yana kwaikwayon tsohon da sanda da takarda. Masu aiko da talabijin a duba musu launi suka ɗauke ƙafa. Abin da ya fi muni, Baba Majigi da kansa ya fara shakka. Yakan tsura wa bango ido. Ran nan ya ɗaga faranti ya ce wa Auta, "Faɗa min tsakani da Allah, wannan fari ne?" Ta ce fari ne, ta juya da sauri ta fita. Tsoro ya ji irin wanda bai ji ba ko ranar da aka rufe silima.

Wata safiya ya je zubar da ganyen shayi a kwandon sharar bayan gareji, sai ga na'urar a ciki, an naɗe ta da wayarta a leda. Ya koma ɗaki ya ɗaga matashi. Littafinsa ba ya nan.

Da yamma aka sake tara mutane, har da baƙi biyu. Injiniya ya ce ya ƙara awo, yanzu na'ura ta kammala aikinta. Aka kashe fitila. Marigayiya ta bayyana da fatarta ta gaskiya, mayafin fari tas. Wani baƙo ya nemi ganin saitin, Injiniya ya buɗe yana hura hanci. Ja arba'in da shida, kore hamsin, shuɗi arba'in da uku. Baba Majigi ya san lambobin nan kamar sunayen 'ya'yansa. Daɗi ya fara zo masa, don ashe idonsa lafiya lau. Sai ɓacin rai ya biyo baya, ya dafa sanda zai tashi.

Auta ta durƙusa gabansa da kofin shayi. Ta tura masa littafin cikin aljihu. "Baba, don Allah ka rufa min asiri," ta ce can ƙasa. "Ni ya sa na ɗauko. Nan ne gidana, nan ne naka."

Ya dubi 'yarsa. Ita ce ke wanke masa kaya, ita ce ke shafa masa magani a gwiwa. In baki ya ci, dole ido ya ji kunya.

"To, Baba, yau me kuka gani?" in ji Injiniya da ƙarfi, don baƙi su ji.

"Ni ai gani ya yi rauni," in ji Baba Majigi. "Tunda na'ura ta ce ya yi, ya yi."

"Kun ji ko? Tsoho ya sallama." Aka tafa. Injiniya ya ƙara da cewa, "Tunda ba gani kuke sosai ba, Baba, ku ɗan ba baƙo kujerar tsakiyar nan mana."

Ya tashi a hankali, ya ja ƙafa zuwa bayan ɗakin, ya zauna a kujerar roba a ƙarƙashin majigi. Iska mai zafi tana bugun ƙeyarsa, haske yana wucewa ta saman kawunan mutane. Matarsa tana ta dariya a bango. Daga nan inda yake ya lura kusurwar hoton ta ƙasa daga hagu ta ɗan dushe, juyi kaɗan gilashin majigin yake so. Hannunsa ya ɗaga da kansa, ya mayar da shi kan gwiwa.