Turaren da Aka Fesa wa Inna

Inna banda take yi. Na buɗe ido na ga murhun banda biyu a bayan ɗakinta, a ƙauyenmu da ke bakin ruwa can wajen Kirikasamma. Masunta su kawo tarwaɗa da karfasa, ta gyara, ta lanƙwasa, ta jera a kan waya, ta hura wuta a ƙasa. Hayaƙi ya kama gashinta da tufafinta, ya kuma ci mata ido, kullum jajir suke. Babanmu ya rasu da wuri, da wannan sana'ar ta riƙe mu har Yaya ya gama karatu ya samu aiki a sakatariya a Haɗeja.

Da na shiga sakandare sai aka kawo ni gidansa. Ba a daɗe da yanke mana jiha daga Kano ba a lokacin. Matarsa, wadda nake kira Anti, ita ma ma'aikaciya ce, kuma tana da wani turare da take ji da shi. Ƙawarta ce ta kawo mata tsarabar Makka. A jikin kwalin akwai hoton wata Baturiya 'yar fim, an ce da sunanta aka yi shi, shi ya sa matan ofis ke rububinsa.

Ba zan yi wa turaren ƙarya ba, yana da daɗi. Da an fesa sai ka ji furanni, irin ƙamshin furen lalle idan rana ta yi sanyi, can ya lafa ya koma wani abu mai ɗumi da zaƙi-zaƙi. In an sa kaɗan ba ya hawa kai, sai dai da zafi in aka cika shi yakan yi nauyi. Yana kama tufa ƙwarai. Wata ƙaramar Sallah Anti ta fesa min sau ɗaya a gyale, na ƙi wanke gyalen, ina ɗauko shi daga akwati ina shinshinawa.

Damina ta yi nisa Anti ta haifi ɗanta na fari. Ba ta je wankan gida ba saboda mahaifiyarta ta rasu, sai yayarta ta zo daga Kano ta zauna da ita. Ruwa ya cinye hanyar ƙauyenmu a shekarar. Inna sai da ta shiga kwalekwale da kayanta, ta sauka ta hau a-kori-kura, ta iso da hantsi ranar suna. Ta zo da kwandon banda, wanda ta zaɓa da hannunta, da shinkafar fadama da man shanu. Atamfarta ta ƙasan akwati ta ɗaura.

Ɗakin mai jego cike yake da ƙawayen Anti. Na shiga da Inna, aka gaisa, ta nufi gado tana murmushi tana yi wa jaririn kirarin miji irin na kaka. Ina tsaye a bakin ƙofa na ga Anti ta dubi yayarta, ta nuna mata kwalbar turaren da baki. Na gani da idona, kuma har gobe ba wanda zai sa in ce ban gani ba.

Yayar ta miƙe ta tare gaban Inna.

"Tsaya tukuna, Inna, bari a ɗan gyara ki. Jariri bai saba da ƙarni ba."

Ta shiga fesa mata, a ƙirji, a hannuwa, a kafaɗa, tana zagaya ta kamar mai fesa maganin sauro a ɗaki. Inna ta ɗago kai don ta ga abin da ake yi mata, turaren ya shiga idonta. Ta dafe ido da gefen mayafi, hawaye na zuba. Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Ɗakin ya turnuƙe har jaririn ya yi atishawa.

Mutum ɗaya ce ta motsa, maƙwabciyarmu, malamar firamare 'yar kudancin Kaduna da muke ce wa Madam. Ta tashi ta kama hannun Inna ta ce, "Mama, zo mu je." Ta kai ta gindin randa ta wanke mata ido, ta ɗauki jakarta ta koma gidanta, ba ta ci abincin sunan ba.

Inna ba ta ɗauki jikanta ba ranar. Wajen masu girki ta zauna tana taya su gyaran albasa. Bandar da ta kawo kuwa da ita aka yi farfesu, ni aka ɗora wa tire na kai ɗakin nan. Suka cinye suka aiko a ƙaro, yayar Anti har tana cewa a Kano ba a samun irinsa, a ware mata wanda za ta tafi da shi.

Na fita wajen rumfar maza na sa aka kira min Yaya. Na gaya masa duk abin da ya faru. Ya dubi baƙinsa, ya dube ni, ya ce wasa ne na mata, in kama bakina kada in ɓata masa taro. Da na ƙi tafiya sai ya ce, "Ba turare ba ne? Dukanta aka yi?" Ya juya ya koma kan kujerarsa. Rigar da ke jikinsa da kujerar da wannan taron duka daga hayaƙin nan suka fito, kuma ya sani.

Na koma na ce wa Inna ta tashi mu bar gidan. Ta ce in rage murya. Ta ja ni bayan ɗakin girki, ta ɗaga hannunta ta shinshina, sannan ta tambaye ni a hankali:

"Da gaske ina ƙarni?"

Na ce a'a. Ta ce ai ita ba ta ji, mai abu ba ya jin abinsa, da na gaya mata tun a hanya da ta nemi wuri ta sake wanka. Wannan ya fi komai ƙona min rai. Ina jira ta yi fushi in taya ta, sai na ga ta yarda da su.

Washegari da za ta tafi, Anti ta aiko mata da kwalbar, saura kaɗan a ciki, wai kyauta. Inna ta karɓa hannu biyu ta yi godiya ta sa albarka.

Daga nan zuwanta ya canja. Ta yi sabon zane ta ajiye a gidan wata ƙawarta da ba ta banda, can ƙarshen ƙauye, don kada hayaƙi ya kama shi. In ta iso Haɗeja ba ta shiga ɗaki sai ta yi wanka ta fesa turaren nan, kuma yana sa mata ciwon kai, ina ganin tana ɗaure goshi da ɗankwali. Kafin ta taɓa yaron sai ta dubi fuskar uwarsa. Kifi kuma ta daina riƙo shi, sai ta ba direba ya kawo daga baya.

Na daure wata biyu, sannan na tari Anti a tsakar gida na ce mata na ga lokacin da ta nuna kwalbar. Ta ce ƙarya nake yi, yayarta ce da rigimarta. Na maimaita. Ta kai ƙarata wajen Yaya, ya ce ko in ba ta haƙuri ko in koma kwana a makaranta. Na haɗa akwatina na koma makaranta, hutu kuma ƙauye nake wucewa. Gyalen nan na Sallah a gidan Yaya na bar shi.

Bayan shekaru idon Inna ya mutu gaba ɗaya, ta bar banda, na ɗauko ta ta zauna a gidana a Malam Madori inda nake koyarwa, har ta rasu. Bayan an share makoki na je gidan Yaya, muna zaune mu biyu, na tayar da maganar. Ba faɗa na je yi ba, so nake ya ce bai kyauta ba, ko sau ɗaya. Yana juya carbi ya ce, "Wane turare?" Ya ce shi bai tuna an yi haka ba, kuma ni dama tun ina yarinya nake da riƙo.

Aka kawo abinci ban ci ba. Na ɗauki mayafina na fita tasha. Muna gaisawa in an haɗu a biki ko rasuwa, ɗansa ma yakan zo min hutu, amma ban sake zama a gidan ba.