Watannin da Albashina Ya Yi a Aljihun Wani

Shekarun baya, lokacin da korona ta kulle duniya, ina tuƙi ne a wani otal a Doha, ƙasar Qatar. Aikina in ɗauko baƙi daga filin jirgi, in mayar da su ranar tafiya. Da jirage suka daina sauka sai aka wayi gari babu wanda za a ɗauko. Ba su kore mu ba, amma sun raba albashi biyu, suka ce mu zauna a ɗaki sai an neme mu.

Ɗakin namu a unguwar Najma yake, gado a kan gado. Wanda ke kwana a samana wani abokina ne ɗan Zangon Kumasi ta ƙasar Gana, mai gadi a wani gini da ake yi a Lusail. Ya girme ni, ya kuma riga ni zuwa ƙasar da daɗewa. Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji, kullum da safe sai ya leƙo daga sama ya ce, "Matanka ya haihu?" In ce masa tukuna.

A cikin wannan zaman ne matata ta haihu a Funtuwa, kuma ba a sha da daɗi ba. Sai da aka yi mata aiki, jaririyar kuma aka saka ta a kwalba. Ina da katin bashi na banki, irin wanda za ka ci yau ka biya ƙarshen wata. Ranar da suka ba ni shi har hotonsa na ɗauka, ni a dole na zama babban mutum. Cikin 'yan kwanaki na cinye shi tas, asibiti kuwa ba su daina kira ba.

Nan ne aka nuna mini wani Alhaji. Mutumin gida ne, ya daɗe a Doha, kowa a Najma ya san yana ba da rance. Da yake an hana zama a gidajen abinci, a cikin motarsa yake ganin mutane, kusa da shagunan canji. Na shiga na gaishe shi, na faɗa masa halin da nake ciki.

"Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya," in ji shi. "Ɗan'uwa, ni ba na cin ruwa, Allah ya kiyaye. Ladan wahala ne kawai, goma a kan kowane ɗari, duk wata. Sai ka bar mini katin albashinka da lambar sirri. Ranar da aka biya ku zan cire nawa in ba ka saura, don kada shaiɗan ya shiga tsakani."

Na san ruwa ne, sunan kawai aka canja masa. Amma wanda 'yarsa ke kwalba ba ya tsayawa gardamar suna. Na miƙa kati, na karɓi kuɗi, na tsallaka titi na tura gida. Har yau ba na da-na-sanin ceto 'yata. Inda na je neman kuɗin ne matsalar.

Da abokina ya ji, sai ya ce, "Massa, ka ba kura ajiyar nama. Me ya hana ka faɗa mana?" Na ce kowa na fama da kansa. Ya ce, "Ko fama muke yi, ai da mun yi shi tare."

Abin da Alhaji ke miƙo mini ƙarshen wata ba ya isar abinci da ɗaki da aike gida. Kafin tsakiyar wata sai in koma in ƙara karɓa, ladan wahala ya ƙara hawa. Katin banki kuwa ko waiwayarsa ban yi ba. In na ga lambarsu tana kira sai in kife wayar, kamar in na kife ta bashin ma ya kife.

Shekara ta juyo, jirage suka dawo, albashi ya koma yadda yake, amma aljihuna bai san an yi ba. Ranar biya ni ne a tsaye bakin motar Alhaji ina jiran a sam mini daga gumina, har da godiya nake yi. Wata rana matata ta kira, muka gaisa, sannan ta ce, "Maigida, wai aikin bai dawo ba ne har yanzu?"

Na faɗa mata komai. Na ɗauka kuka za ta yi. Sai ta ce, "Ashe kafil biyu gare ka, iyayen gida biyu, ɗaya yana biyanka, ɗaya yana karɓewa. Ka rage abin da kake turo mana, keken ɗinkina yana nan, zan koma kansa. Amma ka karɓo katinka."

A ranar na yanke shawara ba zan ƙara karɓar ko riyal ɗaya a wurin mutumin nan ba. Na samu abokina na ce masa yanzu kam na zo faɗa. Ya tara 'yan ɗakinmu da na maƙwabta, ya kafa adashi, ya roƙe su a bar mini kwasar fari. Wani ya ce in na gudu fa? Abokina ya ce, "Ya gudu zuwa ina? A ƙarƙashina yake kwana." Aka yi dariya, aka amince. Na daina sayen abinci a waje, na koma shinkafa da wake a tukunyar ɗaki. Na karɓi duk wani ƙarin aiki da otal ya bayar, har wanda sauran direbobi ke gudu.

Da kuɗin suka haɗu, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muka je ni da abokina. An buɗe gidajen abinci a lokacin, muka tarar da Alhaji a teburinsa. Na ajiye masa uwar kuɗinsa da ladan watan, na ce na zo karɓar katina.

"Gaggawar me kake yi, ɗan'uwa? Riƙe rabi, ka yi hidimar iyali. Ai mun zama ɗaya."

"Na gode, Alhaji. Katin kawai nake so."

Ya ƙirga kuɗin a hankali, ya ce katin ba ya tare da shi, in dawo wani satin. Na san in na tafi albashi zai sake shiga yana hannunsa. Sai na ja kujera na zauna, na ce zan jira. Abokina ma ya zauna, ya sa aka kawo mana shayi. Duk wanda ya zo neman rance sai ya tarar da mu, abokina ya gaishe shi da fara'a ya ce, "Mu kati muka zo karɓa, an gama biya." Mutum biyu suka juya. Kafin la'asar Alhaji ya buɗe jakarsa, ya fito da katuna a ɗaure da roba kamar na 'yan karta, ya zaro nawa ya jefo a tebur. Ya ce, "Kalas, shi ke nan, je ka. Za ka dawo."

Na wuce na'urar cirar kuɗi na canja lambar sirri. Babu komai a asusun, amma sai da na duba har sau biyu, don kawai ni ne mai dubawa.

Saura banki. Na shiga da ƙafata, ina tsammanin za a riƙe ni. Wani ma'aikaci, dattijo ɗan Sudan, ya zaunar da ni. Shi ya fara yi mini bayanin cewa akwai inda ake tara tarihin biyan bashin kowa, ana ba mutum maki, kuma duk inda ka je neman rance ko kaya biya-sannu nan za a fara dubawa. Nawa makin ya faɗi warwas. Na tambaye shi ko ana gyarawa. Ya ce ana gyarawa, amma ba da baki ba. Ya raba mini bashin yadda zan iya ɗauka, muka sa a riƙa cirewa da zarar albashi ya shigo. Ya ce kada in riƙa yawon neman rance wuri-wuri, kada kuma in ƙara makara ko da kwana ɗaya ne. Ban ƙara makara ba.

Ana haka gasar cin kofin duniya ta ƙarato. Gana ta fitar da Najeriya, abokina ya hana ni sakat a ɗaki. A Najma kuwa zance ɗaya ake yi: ka samu mota, ka saka ta ƙarƙashin kamfanin haya, ka kwashi kuɗin baƙi. Ni da na san titunan Doha kamar tafin hannuna, sai na ji raina ya biya. Na je kamfanin da ke ba da mota biya-sannu, suka duba, suka ce na fara gyaruwa amma tabon bai goge ba.

Ban san yadda Alhaji ya ji ba, sai ga kiransa. "Na ji sun hana ka mota. Zo in saya maka. Kafin a gama ƙwallo ka biya ni ka ci riba. Katin kawai za ka kawo."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi lissafin, kuma lissafin ya yi kyau a kai. Kwana na yi ina juya shi. Washegari na kira shi na ce, "Alhaji, na gode. Zan jira tawa." Ya ce dama irin wannan ba ta dawowa. Na ce na sani.

Haka na yi gasar a motar otal, ina kai baƙi filin wasa na Lusail ina dawo da su, ina kallon abokan aikina da suka sayi tasu suna hada-hada. Ya yi mini ciwo, ba kaɗan ba. Duk ihsanin da baƙi suka yi mini ban taɓa shi ba, banki na zuba shi, kuma kafin baƙin su gama watsewa na rufe bashin katin. Cikin waɗanda suka karɓi kuɗin Alhaji akwai wanda ya ci riba, ban musa ba. Akwai kuma waɗanda da gari ya yi shiru suka rasa fasinja, motar ta koma hannunsa, katin ma bai dawo ba.

Sai shekarar da ta biyo baya na sake komawa kamfanin motar. Wannan karon aka duba, aka ce in kawo takardar wurin aiki.

Yanzu in na tuna, abin da na koya ba shi da yawa. Duk wanda ya ce ka ba shi katin albashinka, ba rance zai ba ka ba, kai zai saya. Banki kuma gudunsa ya fi zuwa wurinsa tsada. Sannan kunyar faɗa wa na kusa da kai halin da kake ciki, ita ce ke kai ka wurin wanda bai damu da kai ba. Har yau in saƙon banki ya shigo sai gabana ya ɗan faɗi kafin in buɗe, wannan kam ban warke ba.

Ranar da na fito da motar, abokina na fara ɗauka daga wurin aikinsa. Ya zagaya ta, ya shafa ta, ya yi addu'a. Na buɗe masa gaba, ya ƙi, ya shige baya ya harɗe.

"Yalla, mu je, direba, Najma," in ji shi. "Kuma ba zan biya ba."